Shuɗin Rubutu a Rigar Ɗan Farina

Ban iya rubuta sunana ba sai da na yi haihuwa huɗu. A ajin yaƙi da jahilci na nan Tudun Kaya na koya, bayan la'asar, kuma abin da malamarmu ta fi nanata mana shi ne sa hannu ba abin wasa ba ne, kada mace ta ɗora nata a kan abin da ba ta karanta ba. Shi ya sa da na ji wai samarinmu suna bin 'yan ƙwallo da riguna suna roƙon a sa musu hannu a jiki, raina bai kwanta ba. Me mutum zai yi da sa hannun wani a kan tsumma? Da farko na ɗauka wata sabuwar caca ce. Daga baya na ce ko neman sa'a ne irin na masu ɗaura laya.

Ƙanin mijina ne uban tafiyar. Yana da gidan kallon ƙwallo a Karaye, wajen Unguwar Hajji, rumfar kwano da bencina, kuma a bangon gaba ya jera rigunan da aka sa wa hannu, kowacce cikin ledarta. Duk wanda rigarsa ta hau bangon nan ya zama mutum a cikinsu. Tsakanina da shi akwai wasa, don haka ran da ya zo gaishe mu na tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Sarkin tsummokara, an zo lafiya? Yau rigar wa aka ɓata da tawada?"

"Matar yaya, ke dai ki riƙe abacadarki," in ji shi. "Mu abinmu da ƙa'ida yake, ya fi zaman kotu tsari."

Ya zauna a kan turmi yana ɓare mini gyaɗa yana ci, yana zayyano mini. Wai ba a tarar ɗan wasa yana cin abinci, ba a tsare shi a ƙofar masallaci, ran da aka ci su kuwa ko kallonsa ba a yi. Kowa abu ɗaya zai miƙa. Ba a jan riga, ba a aika wani ya karɓo maka. In an sa maka, sai ka zo da hoto ko da wani ɗan ƙungiya da ya gani da idonsa. Na ce masa to Allah ya ba da lada, amma a zuciyata cewa nake abin da aka kewaye da doka haka, akwai ɓarayi a cikinsa.

Ɗan farina yana cikinsu, saurayi ne ya fara tsiron gemu. Ni kuwa irin tarbiyyar da aka yi mana, ba na kiran sunansa, sai dai in ce kai, ko yaron nan. Ba na zaman hira da shi, ba na yabonsa gaban mutane, in an taso shi da magana ba ni ke shiga ba. A ɗakin kakarsa ya girma, da ta rasu ya koma ɗakin soro. Abin da na sani game da shi yawanci ta bayan katanga nake jinsa.

Wannan ma haka na ji shi. Lokacin cirar gyaɗa ne, babansa ya aike shi Falgore a kan babur ya kai wa gwaggonsa buhu. Da ya dawo ina madafa, na ji ya tara ƙannensa a tsakar gida yana magana sama-sama kamar wanda aka biyo. Wai taya ce ta yi masa faci a hanya, yana zaune wurin mai faci sai ga mota ta tsaya, sai ga golan nan, mai tsaron raga ɗan asalin Rogo, wanda suke gani a talabijin, ya fito yana waya. Shi kuma yana sanye da ruwan ɗorawar rigar golan a ƙarƙashin taguwarsa ta aiki. Ya ce sai da ya jira mutumin ya gama waya, ya gaishe shi, sannan ya roƙa. Direba ne ya ciro maka daga cikin mota, irin alƙalamin nan mai kaurin baki. Wayarsa kuwa ya bar ta wurin masu caji, don haka babu hoto.

Na yi kamar hankalina yana kan tukunya. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ba a yi nisa ba sai ga ƙanin mijina, wannan karon ba dariya.

"Matar yaya, rigar yaron nan ba za ta hau bango ba."

"Ni me ya shafe ni da rigar wani?"

"Ya shafe ki mana. Golan nan duk rigunansa da ke wurina da baƙar maka ya sa. Ta ɗanki shuɗiya ce. Ba hoto, ba shaida."

"Mai facin fa?"

"Mun aika. Ya ce shi taya yake kallo, ba fuskar mutane ba." Ya dube ni ta gefen ido. "Yara suna cewa wai ke ce mai ajiyar makar ajinku. Wane launi ce?"

Na ce masa in ya gama binciken ya ja mini ƙofa, kaji za su shigo. Yana fita na shiga ɗaki na sauke kwallar da nake ajiye kayan makaranta. Makar ajinmu shuɗiya ce. Murfinta bai zauna daidai ba, bakinta ya ɗan bushe. Ko ni na bar ta haka, ko ƙananan ne suka taɓa, ko yaron nan ne, ban sani ba. Na daɗe a tsaye da ita a hannu.

Daga ranar komai yaron ya yi sai na juya shi. In ya rage tuwo in ce abin yana cinsa. In ya cinye in ce ji yadda bai damu ba. Na ji yara a bakin rijiya suna masa kirari da mai sa wa kansa hannu, na ga ya daina zuwa kallo. Na kai maganar wurin babansa, ya ce shirmen yara ne, in bar shi ya ji da gona. Ni kuwa a ganina ba shirme ba ne. A garin da kowa ya san kowa, in aka sa wa saurayi sunan maƙaryaci da shi zai yi aure, da shi zai shiga kasuwa. In kuma ƙaryar ya yi da gaske, to gara in sani tun tana ƙarama.

Wata safiya da ya tafi gona na shiga ɗakinsa. Rigar tana rataye a ƙusa cikin leda. Na ɗauka zan ga suna in karanta, sai na ga wani zane kawai, ya yi sama ya murɗe ya dawo da jela. Ko harafi ɗaya ban tsinta ba, ni da aka koya mini kowane harafi ya tsaya da ƙafarsa. Na fito na tsuguna, na gwada zanen da yatsa a ƙasa. Ya fito kusan iri ɗaya. Na yi maza na share da tafin ƙafa. In ni zan iya, wa ba zai iya ba?

Tambaya ɗaya ce da zan yi masa, amma bakina ya ƙi. Ban taɓa tsayar da shi na dubi idonsa ba tun yana goye.

Ana cikin haka kakar golan ta wajen uwa ta rasu a Unguwar Hajji. Tsohuwa ce mai daddawa, mun daɗe muna saye a wurinta, don haka zuwa gaisuwa ya kama ni. Aka ce jikan ya iso, zai zauna har sadakar uku. Na ji labarin ƙanin mijina ya tara samarinsa ya karɓe makar kowa ya kulle a akwatin gidan kallo kafin su tafi, ya ce duk wanda ya kai riga gidan makoki ya fita daga cikinsu har abada. Na ji wannan sarai. Amma na ce dokarsu ce, ni ba 'yar ƙungiya ba ce. Na jira yaron ya fita, na sauke rigar, na ninke ta da ledarta na sa cikin hijabi. Nufina in na sami sarari in nuna wa mutumin a ɓoye, ya ce mini e ko a'a.

Tsakar gidan cike take da mata a kan tabarmi. Na yi gaisuwa na sami gefe na zauna. Duk motsin da na yi sai ledar ta yi ƙara, wata tsohuwa da ke kusa da ni tana ta waigowa. Wajen hantsi aka ce ga shi nan zai shigo gaida iyayensa. Dogo ne, sai da ya sunkuya a ƙofa, ba takalmi, idanunsa jajur. Ya durƙusa gaban wata innarsa, ta dafa kansa tana cewa tsohuwa ta yi ta cigiyarka, shi kuwa kafaɗunsa suna rawa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har ya iso gabana. Hannuna yana kan rigar.

"Ya haƙuri?" na ce.

"Da godiya, Inna."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Ya ce amin, ya wuce. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Da na tuna abin da na zo da shi sai da fuskata ta yi zafi.

A ƙofar soro na sunkuya ina neman takalmina cikin tarin takalma, sai ledar ta sulluɓo ta faɗi. Ruwan ɗorawa ba ya ɓuya. Samarin suna zaune a inuwar darbejiya daura da ƙofar, na ji wani ya ce a hankali, "Lallai, uwarsa ya aiko." Maganar ta bi benci kamar wutar kara. Ɗana yana can gefe da buta yana zuba wa baƙi ruwan alwala. Ya ɗago ya ga rigar a hannuna, ya ajiye butar.

Ƙanin mijina ya taso ya ja ni bayan bishiyar, samarin suka biyo, amma kowa da ƙaramar murya saboda makoki.

"Haba matar yaya, me ya kai ki? Doka biyu ke nan a lokaci ɗaya, ga aike ga gidan rasuwa. Ko ɗan cikina ne sai na kore shi."

"Ka bar yara su koma, mu yi magana."

"Ba zai yiwu ba, da idonsu suka gani."

Wani mai baki a cikinsu ya ce, "Tun safe yaron yana kusa da golan bai ce uffan ba, muna ta yaba masa. Ashe ta cikin gida ya biyo."

Na dubi ƙasa. In na yi shiru yadda na saba, sun kore shi a kan abin da bai yi ba. In na yi magana kuwa, sai na faɗi dalilin ɗaukar rigar, kuma yana tsaye yana ji. Ban taɓa tsaya masa gaban mutane ba, kuma ban so ranar farko ta zo da irin wannan magana ba.

Na ce, "Bai aike ni ba. Bai ma san na ɗauka ba. Ni na shiga ɗakinsa na sauke ta, don in tambayi mai hannun ko nasa ne. Kuma ban tambaya ba."

"Don me za ki tambaya?" in ji mai bakin.

"Don ni ma ban tabbata ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ƙanin mijina ya shafa ƙeya, ya ce to shi ke nan, yaro ba shi da laifin aike, yana nan a cikinsu, amma riga tana nan yadda take, ba shaida ba bango. Na tambaye shi a hankali ko golan ya nuna ya gane yaron da suka gaisa. Ya ce hannu ya ba shi kamar yadda ya ba kowa, mutumin da ke kuka wa yake ganewa.

Ɗana ne ya kai ni gida a babur, don babansa ya riga ya ce shi zai dawo da ni. A ƙofar gida na sauka na miƙa masa rigar. Ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Inna, da kin tambaye ni."

Na dubi katanga, ba shi ba. "To na tambaye ka."

"Shi ne ya sa mini."

Na ce to.

Ya koma zuwa kallo, kuma sunan da yara suka sa masa ya mutu a hankali, don an ce wanda uwarsa ta tone a bainar jama'a bai fasa maganarsa ba, a ƙyale shi. Amma bai sake kai rigar gidan kallo ba. Washegarin ranar gaisuwar na gan shi ya fito da ita a jikinsa, ba leda, ya saɓa fartanya. Da ita ya ƙarasa aikin kakar bana, rana da gumi suka cinye zanen har ya zama kamar tabon shuni. Yanzu in ya dawo daga wani wuri yakan tsaya a ƙofar madafa ya faɗa mini inda ya je da wanda ya gani, kai tsaye, ba ta bakin ƙannensa ba. Ina saurara, ina cewa to. Wani lokaci nakan yarda duka, wani lokaci nakan ajiye rabi.