Kashi Ukun da Muka Ajiye Masa

Ni ne na yi kuskure. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba da labarin ta hanyar da za ta wanke ni, har na kusa yarda da ƙaryata. Kwanan baya ɗaliban da ke riƙe da ƙungiyarmu yanzu suka same ni a shagona na gyaran waya a Jimeta, suka ce in rubuta musu tarihinta tunda ni ne shugaba na farko. Na cika shafi biyu da yabon kai, na karanta, na yaga.

Mu biyu muka kafa ta, ni da wani abokina ɗan Michika da muka haɗu a ajin farko na jami'a. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ake tokare murfinta da littafi, cike da katun na Japan, waɗanda ake kira anime. Da farko mu biyar ne a kan katifa ɗaya. Da muka kai ashirin muka je neman ɗakin lakca, jami'in da ke kula da harkokin ɗalibai ya cire tabarau ya ce, "Ƙatti da gemu, katun?" Sau huɗu yana mayar mana da takarda. Da ya sa hannu kuma sai matsalar wuta, sai majigin aro da ke mutuwa in ya yi zafi. A gidanmu a Yola Gari kuwa, Baffa ya ɗauka ƙarin darasi nake zuwa duk Asabar, ban kuma gyara masa ba.

Abokina ne ya kawo dokarmu. Kashi biyu kowace Asabar bayan la'asar, kowa tare, ba mai wuce 'yan'uwa ya kalli na gaba a ɓoye. In kuma wani bai zo ba saboda uzuri, rashin lafiya ko rasuwa, ba a kallon ƙarshen labari sai ya dawo. Shi ne kuma mai fassara. Rubutun Turancin da ke ƙasan hoton yana gudu, da yawa ba sa kamo shi, sai ya tsaya a gefen allo yana juya shi zuwa Hausa. Jarumi zai zare takobi yana dogon jawabi, shi kuwa ya ba shi muryar ɗan kamasho a tasha: "Kai, matsa mini, ba da kai nake ba!" Har masu jin Turancin sun fi son nasa.

Muna cikin wani dogon labari da muka fi shekara muna bi, saura kashi uku ya ƙare, sai 'yan bindiga suka shiga garinsu. Ya tafi ɗauko mahaifiyarsa. Bayan kwanaki ita ta iso Jimeta da ƙafa a kumbure, ta biyo duwatsu tare da wasu mata. Shi bai iso ba, wayarsa kuma ba ta shiga.

Ƙanwarsa, wadda ke ajin farko a sashen koyarwa, ta fara zuwa duk Asabar. Ba ta damu da katun ba, sau da yawa kanta a sunkuye yake. Muka koma kallon wasu labaran, muka bar kashi ukun nan. Wata rana muna naɗe wayar majigi ta ce da ni, "Ciyaman, ka san a gida Mama ta ba da takalmansa? A coci ma an yi masa addu'a irin ta waɗanda suka tafi. Nan kaɗai nake jin ana cewa in ya dawo."

Na ce, "Ai doka ce, ƙanwata. Muna jiransa."

A lokacin da nake faɗin haka na riga na kalli kashi ukun nan. Filashin kwamfutar da ke ɗauke da labarin a aljihuna yake kwana. Sati uku kawai na iya daurewa. Wata Laraba da rana na rufe ɗakin wani ɗan'uwana a unguwar Ajiya, na kalli duka ukun a zama ɗaya. Daga ranar jiran ya zame mini wahala. Ana gardamar wa zai mutu a ƙarshe, ni ina cije baki. Ga mutane suna raguwa. Sai an caje jakarka a ƙofar makaranta, iyaye suna hana yara shiga taro, jami'in nan kuma yana neman dalilin karɓe ɗakin. Kullum wani zai tare ni: "Ciyaman, za mu gama digiri ba mu ga ƙarshen nan ba?" Na ji haushin kowa, har da abokina da ya kafa doka ya bar ni da riƙonta.

Bayan wata bakwai na manna takarda a allon sanarwa cewa Asabar za a nuna ƙarshe. Ban yi shawara da kowa ba. Ɗakin ya cika irin yadda bai taɓa cika ba, ni kuwa har da sabuwar riga.

Ta ɗaga hannu kafin in kunna. "Ciyaman, doka ta canza ne?"

"Doka ta ce mai uzuri."

"Shi ba shi da uzuri?"

Wani dogo ɗan Numan, wanda ya saba raba faɗa da wasa, ya ce, "Oga Ciyaman, ka sa mana na masu dafa abincin nan mana, yunwa ma muke ji." Aka ɗan yi dariya. Ƙofa ce ya buɗe mini in fita da mutuncina, na ƙi bi.

Na ce, "Har yaushe za mu yi ta jira? Kowa a ɗakin nan ya san gaskiya, tsoron faɗa ake yi."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta, ta ratsa ta gaban majigin, ta fita. Dogon ya bi ta, sannan wasu kamar goma. Na kunna duk da haka. Na tsaya a gefen allo in yi fassara, na bi Turancin kalma da kalma, ba wanda ya yi dariya. Kafin kashi na biyu ya ƙare wani daga baya ya ce, "Malam, yi shiru mu karanta da kanmu."

Ƙungiyar ba ta ƙara cika ba a zamanina. Na miƙa ta da mutum shida. Waɗanda suka zo bayanmu ne suka tashe ta, yanzu har gasar zane suke yi, ba su kuma san an taɓa yin wata doka ba. Abokina har yau babu labarinsa. Duk wanda ya tambaye ni ƙanwarsa sai in ce karatu ne ya yi mata yawa. Sau biyu na hango ta a kasuwar Jimeta, sau biyu na shige layin masu atamfa kamar ina da abin saya.

Satin da ya wuce na hau keke zuwa unguwar Jambutu, makarantar firamaren da aka ce tana koyarwa. Na jira aka tashi. Ta fito da tarin littattafan yara a hannu, ta gane ni nan take.

"Ciyaman. Ka yi ƙiba."

"Malama, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba."

"To, faɗi. Rana na dukana."

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Ranar da na ce miki muna jiransa, na riga na kalla tun sati na uku. Ƙarya na yi miki. Ranar Asabar ɗin nan kuma ba don ƙungiya na yi ba, don kaina na yi, na gaji ne kuma ina son a cika ɗaki a yaba mini. Kin gaya mini abin da wurin nan yake a gare ki, na sani sarai, na kunna. Abin da na faɗa a gaban mutane ba ni da hurumin faɗarsa, ban san komai a kan yayanki ba, har yau ban sani ba. Ba sai kin ce komai ba. Na zalunce ki, na ci amanarsa. Ki yafe mini."