Ranar da Na Yi wa Yaya Ilyasu Tafinta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ilyasu, mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie. A zamaninsa, idan mai shanyewar ɓarin jiki irinsa ya je asibiti a motsa masa gaɓoɓi, tambayarsa ake yi yadda jiki yake, abin da ya faɗa a rubuta. Yau gwada shi ake yi.

Ni nake raka shi a trotro, wato motar haya, daga unguwarmu Nima duk Talata, ni ne kuma tafintansa, don ba ya jin Turanci. Wata rana ma'aikaciyar da ke motsa masa gaɓoɓi, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta tambaya ko yana iya tafiya shi kaɗai.

"Gaya mata alhamdulillahi," in ji shi. "Har masallaci nake zuwa da ƙafata."

Mu biyu muke tallabarsa zuwa masallacin. Amma mutumin Zango ba ya kai kukan jikinsa gaban baƙo, ƙane kuma ba ya ƙaryata yayansa a bainar jama'a. Na dube shi, ya tsare ni da ido. Na juya maganar zuwa Turanci, ban rage komai ba. Ta yi murna, ta rubuta, aka sallame shi. Bayan wata biyu ya yunƙura zai yi alwala ba mai riƙe shi, ya faɗi a bakin kwata. Bai sake tashi ba.

Na zauna a Kano da Abidjan da Jidda, na yi wa mutane tafinta a kasuwa da tasha. Wannan ce kaɗai fassarar da har yau nake jin muryata tana maimaitawa, musamman idan na bi ta lungun da ya faɗi.

Bana na raka maƙwabcina Malam Tanko na unguwar Maamobi asibitin, shi ma ciwon ne. Ya ce musu ya warke sarai. Suka yi murmushi, suka ce ya tashi ya taka zuwa bango, agogo na hannunsu. Suka ba shi maɓalli ya ɓalla. Suka rubuta, suka gwada da na watan jiya, suka ga ƙafar ta ja baya, suka sake masa atisaye.

Da Yaya na nan, na san zai ce, "Wato ba su yarda da maganar dattijo ba?" Zai yi fushi. Wataƙila da fushin zai yi ta zuwa masallaci har yau.

Na gaji sandarsa da kunyarsa. Mutanenmu ba su daina cewa alhamdulillahi ba, kada ma su daina. Amma yanzu ba a sallamar kowa da ita sai an ga takunsa.