Ranar da Aka Yi Zagi da Sarautar Kakata

A ƙauyenmu Babban Duhu kakata ce Magajiya. Uwarta ta riƙe sarautar tun kafin jihadi, ita kuma ta gada. Rigimar mata duk a gabanta ake kashe ta, maza kuwa sai sun cire takalma su gaishe ta.

Ina da aurena na raka ta kasuwar Batsari sayar da zare. Wani mahauci yana cacar baki da wata mata, sai ya daka mata tsawa: "Tafi can, magajiya kawai! Koma wajen karuwanki!" Mutane suka kwashe da dariya.

Ashe a gari sunan ya koma na shugabar karuwai, mu muna ƙauye ba mu da labari! Na yunƙura zan ci masa mutunci, Kaka ta riƙe mini hannu gam.

Muka kamo hanya har muka hango gida. Ta ce, "Jikalle, daga yau ku riƙa ce mini Tsohuwa."

Matar da dattawa ke durƙusa wa! Wani mahauci mai ƙuda a gemu ya sauke ta daga sarauta, bai ma san tana wurin ba.