Mayen Ƙarfen Motar Su Rifkatu

Wata Asabar a daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina 'yar shekara goma, na tsuguna a gindin mangwaron gidanmu na Nassarawa GRA ina roƙon Allah Ya kashe motar mutane. Wallahi da gaske nake. Motar su Rifkatu ce, tsohuwar Marsandi mai canza giya da kanta, an ɗaga ta da jak, ƙafafun Malam Sabo bakanike kaɗai ake gani a ƙarƙashinta.

Rifkatu ƙawata ce, 'yar Malama Saratu, malamar firamarenmu, Kirista daga ƙasar Zazzau da ke haya a ɗakunan bayan gidanmu. Tare muke sharar ganyen darbejiya da safe, tare muke tafiya makaranta, mu dawo mu zana 'yar gala-gala a sumuntin gareji har Inna ta biyo mu da muciya. Ta ci naman layyarmu, na ci shinkafar Kirsimetinsu. Sai zancen Shari'a ya cika rediyo, labarin tashin hankali ya riƙa zuwa daga Kaduna, dangin Malama suka matsa mata lamba ta tattara ta koma gida. Baba ya ce mata, "Malama, muddin ina raye ba mai taɓa ku." Ta share ido ta ce, "Na sani, Alhaji, amma tsohuwata ta daina barci."

Abu ɗaya ya riƙe su, motar nan da marigayi mijinta ya bari. In an sa giya sai ta yi jim kafin ta ɗauka, Malama kuma ta ce ba za ta bar ta a Kano ba, ko gyaran zai ci shekara za ta jira. Ni kuwa abin nema ya samu. Amma da Baba ya ga hankalinta ya riga ya yi gida, shi da kansa ya je Tudun Murtala ya ɗauko bakanike. Haushinsa ya sa ranar ko gaisuwa ciki-ciki na yi masa.

Malam Sabo ya tsiyaye man giyar, ya kwance kwanon ƙasanta, ya jawo shi fili. A gindin kwanon akwai ɗan mayen ƙarfe a manne, shi ke kama garin ƙarfen da giya ke zubarwa don kada ya yi ta yawo cikin mai. "In na ji ɓarɓashi mai kaifi, giya ta ci kanta, sai an nemo wata, kuma irinta da wuyar samu," in ji shi. "In da laushi, mai kawai za a canza." Ya dangwala yatsa ya murtsuke, ni kuwa ina ta jero duk addu'ar da na koyo a Islamiyya. Ya nuna mana yatsan, baƙi ƙirin, luƙwi kamar kwalli. "Lafiyarta ƙalau, Malama. Ko Legas za ta kai ku."

Baba ya yi hamdala, Malama ta gode wa Ubangiji. Rifkatu ta kalle ni, na kalle ta, muka ɓarke da kuka, bawan Allah ya yi sororo da tsumma a hannu, bai san me ya yi mana ba. Ya goge mayen tas, ya mayar, ya zuba sabon mai. Kafin wata Asabar ɗin an ɗaure katifa a saman mota. Ja'irar motar ko gardama ba ta yi ba, ta fice daga layinmu sumul. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Yanzu katangun unguwar sun yi tsawo, maƙwabci bai san maƙwabci ba, ɗakunan bayan ma an rushe su. Ina da motar kaina, ga waya a hannun kowa, Zariya kuma ba nisa. Sai dai Rifkatu "gida" kawai take cewa, ni ma a yarinta ban taɓa tambayar sunan garin ba, Baba da Inna da suka sani kuma sun riga mu gidan gaskiya kafin in yi hankalin tambaya. Ko yau na kama hanya, ban san inda zan ratse ba.