Wutar da ba ta ƙona yatsan Hauwa ba

Ina tsakiyar yi wa wani mutumin garin Gwiwa waldar ƙofa, sai 'yata Hauwa ta kira ni ta bidiyo daga ɗakin gwajin jami'arsu. Ta kunna wani abu kamar biro, wuta shuɗiya ta fito, ta kai yatsanta cikin wutar.

Na daka mata tsawa: "Ke! Janye hannunki!" Shekara talatin ina walda a Kazaure, na san abin da wuta ke yi wa fata.

Ta yi dariya. "Baba, ƙanwar wutarka ce, amma mai sanyi. Filasma sunanta. Muna haska ta a kan ƙwayoyin ciwon dajin fankiriyas, wani sashe da ke bayan tumbi, ciwon da ya ɗauke Inna."

Na ce, "An samu magani ke nan?"

"A'a, Baba. Gwaji ne tukuna, a cikin faranti, ba a jikin mutum ba. Kada ka ce wa kowa an samu."

To, ban ce ba. Amma wallahi ƙofar nan sai da na sake yi mata walda, hawaye ne ya karkatar min da hannu.

Jama'a, marainiyar mai walda ce ta bi sawun ciwon uwarta. Ku taya ni sa mata albarka.