Daɓen da Na Yi wa Malamin Gona

Tun ranar da muka kama ɗaki a Dutsin-Ma nake tsoron tsayuwar wata. Mutane su fito suna nuna jinjirin wata suna murna, ni kuwa sai in ƙara ɗaure goyona. Ba abin da ya faru tukuna, ban dai yarda da yadda muka shiga ba.

Ana saura kaɗan a sami mulkin kai muka baro Wurma, ni da maigidana da keken ɗinkinsa da jaririyarmu. Mai gidan hayar wata tsohuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Ta zaunar da mu a zaure ta ce, "To ɗana, zaɓi. Ko kaka zuwa kaka, ba ka fita, ba na fitar da kai. Ko wata-wata, kowa da ikonsa."

Na taɓa shi da gwiwar hannu. Ko kallona bai yi ba.

"Wata-wata, Inna. Ni ba a ɗaure ni. Ran da Katsina ta kira ni, sai in ɗauki kekena."

Har yau da nake wannan rubutu muna jiran kiran Katsina.

Ɗakin kuwa ƙasa ce tsagwaronta, yarinya ta fara rarrafe, komai ta damƙa sai baki. Na ce a yi daɓe. Na jiƙa makuba, na gayyato matan unguwa, na dafa musu dambu. Muka zuba tsakuwa, muka wuni muna bugu da madaɓi ana waƙa, har tafin hannuna ya yi kanta. Shi ma maigidan ya hau soro ya yi yaɓe, ya gyara indararo don damina ta matso. Ɗaki ya fito, daɓe yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

Inna ta leƙo. Ita da ke shigo mana sanye da takalmi, ran nan a bakin ƙofa ta tuɓe su.

"Masha Allah! 'Yar nan, ashe haka ɗakina yake da kyau?"

Na ji daɗi har na ba ta goro. Wayona ke nan.

Ruwan farko ya sauka, wata ya tsaya, Inna ta kira maigidana zaure. Ina bayan ƙyaure ina ji. Wai an turo sabon malamin gona, yana neman ɗaki mai daɓe wanda ba ya yoyo, kuma na shekara zai kama.

"Haba Inna, damina ce fa! Ga yarinya."

"Ɗana, da bakinka ka ce ba a ɗaure ka. To ni ka ɗaure ni ne?"

Ya shigo yana huci, ya ce, "Kin ga rashin imani?"

Na ce, "A'a Malam, ai 'yanci ne. Ga shi nan ya zo, ɗauki kekenka."

Duk garin ba ɗaki, wa zai tashi da damina in ba mu ba? Muka ƙare a wata bukka a gidan kawunsa a Kurfi. In ruwa ya sauko, in kifa wa yarinya babbar ƙwarya a ka, ni in sha dukan. Ta kwashi tari, sai da aka yanke gero ya sake ta. Malamin gona kuwa, na ji labari, kullum yana yabon Inna da iya gyaran gida.

Da kaka muka koma Dutsin-Ma neman wani ɗaki. Wannan karon ban taɓa kowa da gwiwar hannu ba. Mai gidan yana tambaya, ni na amsa daga bayan mayafi, "Kaka zuwa kaka, Baba, kuma a gaban mai unguwa." Maigidana ya yi gyaran murya ya ce dama abin da zai faɗa ke nan.

Roƙona ga wadda ta karanta wannan: in mijinki zai kama ɗaki, ki bi shi zauren, ki ji wa'adin da kunnenki kafin ki jiƙa makuba.