Littattafan Taku na Ba'ana Audu

An haifi Ba'ana Audu a unguwar Gwange da ke Maiduguri a shekarar 1974, ɗan wani baduku mai ɗinka jakunkuna da kube. Yana da shekara goma sha biyu ya fara ɗaukar wa manyan ma'aikata jakar sanduna a filin golf da ke bayan gari, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, inda ake bugun 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Da kallo ya koya. Yana cika ashirin da biyar ya fi iyayen gidansa hannu, ya shiga sahun waɗanda wasan ne abincinsu.

Sana'ar ta hanya ce. Gasa ba ta zuwa Maiduguri sai jefi-jefi, don haka shekararsa a mota take ƙarewa, daga Jos zuwa Kaduna, daga Kano zuwa Ibadan. Kujera biyu yake kamawa, ɗaya tasa, ɗaya ta jaka, tun ranar da ya bari aka cusa ta a but ya iske doguwar sandarsa a lanƙwashe. Wata tafiyar ya dawo da kyauta, wata ya dawo da mura kawai. Gwange ba ta taɓa gane aikin ba, amma ba ta damu ba. Mai Sandunan Turawa ake ce masa.

Abin da ya fi sandunan daraja a wurinsa littattafansa ne. Kwana biyu kafin kowace gasa yakan bi filin da ƙafa yana ƙidaya taku, ya zana shi a ƙaramin littafi: ga bishiya, ga kududdufi, ga tarin yashi, taku kaza daga nan zuwa tutar rami, ga kibiya inda ƙasa ta gangara. Wanda bai san nisa ba, bai san sandar da zai zaro ba. Cikin shekara goma sha huɗu ya cika littafi ashirin da uku.

A tsakiyar 2013 aka yanke layukan waya, matasan unguwanni kuma suka ɗauki gora suna zaƙulo 'yan tayar da ƙayar baya da suka saje da jama'a. Su ne aka kira 'yan ƙato da gora. A lokacin, mutumin da ke ɓacewa mako biyu da doguwar jaka, ya dawo ba hajar sayarwa, ya zama abin a duba.

Cikin watan Agusta ya dawo daga Jos da hantsi, bayan an zazzage jakarsa a shingen bincike goma sha ɗaya. Yana shiga layinsu, telan da ya saba tsokanarsa da tambayar ina kofi ya duƙar da kai kan keke. Matarsa Kaltum ta tare shi a soro.

"Baban Humaira, 'yan ƙato da gora sun zo shekaranjiya. Ba su taɓa komai ba sai akwatin littattafanka."

"Bincike suka yi?"

"Ina fa! Kai tsaye suka nufi ƙarƙashin gado."

Ba'ana ya tsaya da jaka a kafaɗa. Mutum huɗu ne ban da iyalinsa suka taɓa ganin inda akwatin yake, kuma duk huɗun ya ci tuwo da su a kwano ɗaya.

"Mai unguwa ya ce kana dawowa ka je da ƙafarka," in ji ta, "kafin su miƙa ka."

Ba ta faɗi inda za a miƙa shi ba. Kowa a Gwange ya san mazan da aka miƙa wa sojoji a waccan damina, ya kuma san ƙalilan ne suka dawo.

A zauren mai unguwa, Bulama Ya'akubu, ya iske littattafan a baje kan tabarma. Shugaban matasan, Maikuɗi, ɗan maƙwabcinsu ne, mai gyaran babur kafin a hana hawa babur a gari. Ya buɗe wani littafi ya juyo da shi.

"Yaya Ba'ana, wannan ina ne?"

"Filinmu ne na bayan gari. Rami na huɗu."

"Wannan fa?"

"Kuka ce. Taku ɗari da arba'in daga gindinta zuwa tuta."

"To, a gindin kukar nan sojoji suka kafa tanti. Ko ba ka sani ba?"

"Na sani. Amma zanen nan ya girmi 'yata Humaira."

"Ban ga kwanan wata a jiki ba. Ni dai na ga taswira, na ga kibiya, na ga nisa. Mu ba mu yi boko mai zurfi ba, amma ba makafi ba ne."

Babu wanda zai shaide shi. Filin ya zama daji, masu wasa a cikinsa sun bar gari, waya kuwa babu balle a kira Jos. Sai Ba'ana ya roƙi a bar shi ya nuna amfanin lambobin. Bulama ya yarda. Aka ɗunguma zuwa filin ƙwallo na bayan wata firamare, aka aro daro. Maikuɗi ya ƙi yarda wani ya auna, shi da kansa ya taka ɗari da arba'in ya ajiye daron ya dawo.

Ba'ana ya dubi daron. Da ya yi shiru, mai yiwuwa da labarin ya zo da sauƙi. Amma shekara ashirin da bakwai yana wannan dubawa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Wannan bai kai ba. Ɗari da ashirin da takwas ne. Takunka gajere ne, Maikuɗi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Aka kirawo wani magini da igiyar awo, ya bi ƙasa yadi-yadi, ya ɗago ya ce ɗari da ashirin da tara. Ba'ana ya zaro sanda, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙwallon ta tashi ta sauka kamu biyu daga daron, ta yi tsalle ɗaya ta tsaya.

A Jos da an tafa. A nan babu wanda ya motsa.

"Kun gani?" in ji Maikuɗi, murya ƙasa-ƙasa. "Da ido ma yake aunawa. Baba Bulama, wanda ke da wannan idon, in mutanen daji ba su neme shi ba, za su neme shi. Ni ban ce ya yi ba. Amma wa zai rantse bai yi ba?"

Ba'ana ya bi fuskokin da kallo. Biyu daga cikin mutum huɗun nan suna wurin, ɗaya yana duban ƙasa, ɗaya yana dubansa ido cikin ido, ya rasa wanne ya fi ba shi tsoro.

Sai Bulama ya yi magana.

"Na san ubansa, na ga ranar sunansa. Zan tsaya masa da wuyana. Amma ɗana, wuyan tsoho ba ya ɗaukar mai yawo. Daga yau ba za ka kwana a wajen unguwar nan ba. Takardun nan kuma ba za su kwana a duniya ba, kada gobe su faɗa hannun da bai san ubanka ba."

"Baba, Jos da Ibadan ne a ciki. Me suka yi?"

"Wa zai bambance mana? Zaɓi, ko wuta ta ci su, ko ku tafi tare da su inda za a karanta su."

Ba'ana ne ya ƙyasta ashana da hannunsa, a cikin daron. Maikuɗi ya riƙa juya takardun da gora don kada wani shafi ya tsira.

Ba a miƙa shi ba. Ya koma rumfar mahaifinsa ya kama dukanci, ya cika alkawari har Bulama ya rasu a 2017. A shekarar ya sake hawa motar Jos, yana da arba'in da uku, ba littafi, hannu kuma ya saba da basilla. Aka fitar da shi a rana ta biyu, bai ƙara zuwa gasa ba.

Mutum huɗun nan suna raye, ban da ɗaya. Ba'ana yana zuwa suna da jana'iza a gidajensu, yana gaishe su gaisuwa iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. In ɗayansu ya zo gidansa, a ƙofar waje yake shimfiɗa masa tabarma.